Yadda Ake Haɗa Sabulun Wanka a Gida Ba Tare da Dafawa Ba

A kasuwannin Maradi mun saba da awon tiya da gwangwani da ludayi, kuma wannan awo yana isar mu wajen gero da wake da man miya, domin in an ɗan ƙara ko an ɗan rage babu wanda zai cutu. Sabulu kuwa ba ya karɓar irin wannan awo. Duk wanda yake son ya yi sabulun wanka a gida ta hanyar da ake kira haɗin sanyi, wato a gauraya mai da ruwan soda a zuba a mazubi ba tare da an ɗora shi a wuta ba, to abin da zai fara saya shi ne sikeli mai batir wanda yake nuna nauyi gram ɗaya-ɗaya, tun kafin ya yi maganar mai ko turare.

Na tashi ina ganin gwaggona a Tibiri tana dafa sabulun salo da ruwan tokar karan gero. Ita ba ta auna komai, domin tukunyar tana kan murhu tun hantsi har la'asar, tana tuƙawa tana dubawa, in ta ga mai ya yi yawa ta ƙara ruwan toka, in ta ga ruwan toka ya yi yawa ta ƙara mai. Ranar da na gaya mata cewa zan yi sabulu babu wuta, sai ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, to a ina za ki gyara shi in ya ɓaci?" Ban ba tambayar muhimmanci ba a lokacin. Na auna soda da gwangwanin tumatir kamar yadda wata maƙwabciya ta kwatanta mini, sabulun ya fito fari tas mai tauri, ina ta murna, amma da na yi wanki da shi sai fatar yatsuna ta tsattsage, ta kwana uku tana raɗaɗi. Soda ce ta yi yawa, kuma man da na saya da kuɗin adashi haka ya tafi a banza. Daga ranar na gane cewa a haɗin sanyi duk gyaran da gwaggo take yi a bakin murhu, a kan sikeli ake yin sa kafin a haɗa komai.

Dalilin haka yana cikin yadda sabulu yake samuwa. Sodar da ake aiki da ita ita ce kostik soda, wadda ake rubuta wa NaOH a jikin buhu. Idan ta narke a ruwa ta haɗu da mai, sai ta farfasa shi, ta kama wani ɓangarensa su zama sabulu, ɗaya ɓangaren kuma ya rabu ya zama gilisarin, wanda yake taimaka wa fata ta riƙe laima. Wani masanin kimiyya na Faransa mai suna Chevreul shi ne ya bayyana wannan dalla-dalla a shekarar 1823. Kowane irin mai yana da adadin sodar da yake iya cinyewa, ba ya wucewa. In an ba shi fiye da haka, ragowar tana nan a cikin sabulun da kaifinta tana jiran fatar mutum. In kuwa an rage ta da yawa, sabulun ba zai yi tauri ba, kuma ragowar man zai lalace ya yi wari. A lura kuma cewa kanwa ba za ta maye gurbin kostik soda ba, haka ma hodar da ake sa wa fanke da cincin don su tashi, ko da yake wasu ƴan kasuwa duk da sunan soda suke kiran su.

Tsaro da kayan aiki

A nan nake so in daɗe, domin abin da ya fi ba ni tsoro a wannan sana'a ba asarar mai ba ce. Kostik soda busasshiya tana kama da sukari ko gishiri, in ta narke kuma tana kama da ruwan sha, ba launi ba wari. Yaron da ya kurɓe ta, tana ƙona masa baki da maƙogwaro, kuma bayan ciwon ya warke hanyar abinci tana iya tsukewa har ya kasa haɗiyar ko da kunu, ya shafe shekaru yana jinya. Saboda haka kada a taɓa zuba ruwan soda a kofi ko buta ko gorar ruwan sha, kada a ajiye shi a ƙasa ya huce alhali yara suna wasa a tsakar gida, kada kuma a yi aikin da goyo a baya. Ni ranar da yara suke makaranta nake yi, in rufe ƙofar gida, sauran sodar kuma in ɗaure ta a leda biyu cikin robar da take da murfi, in rubuta sunanta a jiki, in kulle a akwati. Rufewar tana da wani amfani, domin soda tana jan laimar iska, ta dunƙule, ƙarfinta ya ragu, musamman da damina.

Mai aikin zai sa safar hannu ta roba mai tsawo, da tabarau mai rufe gefen ido, da takunkumi, da riga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe. Mayafi ko hijabi mai lilo a naɗe shi kada ya faɗa cikin haɗin. A ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa. In ruwan soda ko ɗanyen sabulu ya taɓa fata, a cire tufar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa a wurin na minti 15 zuwa 20, kada a shafa manja ko man shanu ko wani abu. In ido ne, a wanke haka nan sannan a tafi likita nan take. In wani ya haɗiya, kada a sa shi amai, domin sodar za ta sake ƙona hanyar da ta bi, a garzaya da shi asibiti tare da ledar sodar don likita ya ga abin da ya sha.

Wajen kwanuka, alminiyam haramun ne a wannan aiki. Tukwanen da maƙera suke zubawa a gari da yawancin ludayoyinmu na alminiyam ne, kuma soda tana cin sa, ta fitar da iskar gas mai kama wuta, sabulun ya yi baƙi. Abin da ake kira silba a kasuwa ma sai an lura, domin wani ƙarfe ne marar tsatsa wanda ya dace, wani kuwa alminiyam ne. Mafi sauƙi shi ne roba mai kauri wadda aka buga wa lamba 5 ko lamba 2 a cikin ɗan kusurwa uku a gindinta. Gorar ruwan sha mai lamba 1 ba ta jure zafin soda, lanƙwashewa take yi. Ana buƙatar roba ɗaya ta jiƙa soda, bokiti ɗaya na haɗi, babban cokali na roba ko na ƙarfe marar tsatsa, rariya ko tsumma mai tsabta don tace mai, da mazubi. Duk waɗannan a ware su, kada su koma madafa. Mazubin kafinta zai iya yin sa da katako, cikinsa ya kasance tsawon santimita 25, faɗi 9, zurfi 8, a shimfiɗa masa leda mai kauri.

Mai da lissafinsa

Man gyaɗa shi ne namu, kuma yana sa sabulu ya yi laushi a fata, amma shi kaɗai ba ya ba da tauri ko kumfa mai yawa, kuma a zafin garin nan yana saurin tsufa, shi ya sa ba na barin sa ya wuce kashi 30 cikin 100. In an saye shi wajen masu ƙuli-ƙuli, a nemi wanda ba a yi suya da shi ba, a bar shi ya kwana biyu ya kwanta, sannan a tsiyaye na sama a tace. Manja yana ba da tauri da daɗewa. Man kwakwa shi ne mai kumfa da wanke dauɗa, sai dai in ya yi yawa yana busar da fata. Man kaɗe kuwa, wanda kowa ya san aikinsa a kan faso da kaushi lokacin hunturu, yana ƙara tauri da santsi.

Ga adadin sodar da kilo ɗaya na kowane mai yake cinyewa: man gyaɗa kimanin gram 137, manja 142, man kwakwa 183, man kaɗe 128, alayyadi 176, kitsen saniya da aka narkar aka tace 143, man riɗi 134. Bambancin da ke tsakanin man kaɗe da man kwakwa kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa ba a musanya wani mai da wani sai an sake lissafi.

Haɗin da nake ba masu koyo na kilo ɗaya ne: man gyaɗa gram 300, manja gram 300, man kwakwa gram 250, man kaɗe gram 150. Man gyaɗan zai ci soda kimanin gram 41, manjan 43, man kwakwan 46, man kaɗen 19, jimilla 149. Daga nan sai a rage kashi 5 cikin 100, domin a bar ɗan mai da soda ba ta taɓa ba, wanda zai tausasa fata kuma ya rufe ƙaramin kuskuren sikeli. Abin da ya rage shi ne gram 141, kuma shi za a auna. Ruwa gram 300 ne, shi ma a kan sikeli. Wanda bai sami man kwakwa ba ya sa farin alayyadi gram 250 a madadinsa, ya mayar da sodar gram 139. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi, na famfo ma yana yi, amma a guji ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa ko gishiri.

Game da jan manja, ana iya barin sa yadda yake, sabulun ya fito ruwan ɗorawa mai duhu, kumfarsa ma ta ɗan yi launi. Masu son fari suna ɗora manjan a wuta har jan ya tafi, aikin da yake tayar da hayaƙi mai shaƙe mutum kuma man yana iya kamawa da wuta, don haka in za a yi shi a yi a fili, da wuta kaɗan, kwana ɗaya kafin ranar haɗi, a kuma auna shi bayan ya huce.

Ranar haɗi

A fara da sassafe, kafin rana ta ɗaga, a rumfa ko wani wuri mai iska amma ba inda iskar za ta kwaso ƙura ba. Da farko a shimfiɗa leda a mazubi, a jera komai a inda hannu zai kai, domin in haɗin ya fara kauri ba ya jiran kowa.

Mataki na farko shi ne jiƙa soda. A ɗora robar a sikeli a mayar da shi sifili, a auna ruwa gram 300 mai sanyi, na randa ko wanda aka sa wa ƙanƙara. A auna sodar a wata busasshiyar roba daban. Sannan a riƙa barbaɗa sodar a cikin ruwan kaɗan-kaɗan ana juyawa, fuska a gefe. Soda ake zubawa a ruwa, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, domin hakan yana sa ta tafasa ta yi tsalle zuwa fuska. Ruwan zai yi fari ya yi zafi har ya kusa digiri 90 ba tare da wuta ba, ya fitar da tururi mai sa tari, wanda bai kamata a shaƙa ba. A ci gaba da juyawa har ya washe, a tabbata babu ƙwaya ko ɗaya a gindi, sannan a ajiye shi a wuri mai tsawo ya huce. Don ya yi sauri ana iya tsoma gindin robar a cikin baho mai ruwan sanyi.

Yayin da yake hucewa sai a koma kan mai. A auna kowanne daban, a narkar da man kaɗe da manja a wuta kaɗan ko a rana, a tace, a haɗa da sauran a bokitin haɗi. Man kwakwa yana narkewa tun daga digiri 24, saboda haka a yawancin watanni a Maradi ruwa-ruwa za a same shi, sai a tsakiyar sanyi yake daskarewa. Abin da ake nema shi ne mai da ruwan soda su sauko tsakanin digiri 35 zuwa 45. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya taɓa bayan robar da safar hannunsa, in ya ji ɗumi kawai irin na ruwan wankan jariri, to ya yi.

Sai a tsiyaya ruwan sodar a cikin man a hankali, a siririn zare, ana juyawa. Da farko man zai riƙa tasowa sama yana ƙyalli, daga baya haɗin ya dushe ya zama launi ɗaya. A ci gaba da juyawa ana kai cokali gindi da gefe, ba tare da bugawa da ƙarfi ba don kada iska ta shiga ko ya fantsama. Da hannu aikin yana ɗaukar rabin awa zuwa awa ɗaya, wani lokaci fiye, wanda kuwa yake da injin markaɗe na hannu da ake tsomawa a cikin kwano, mintoci kaɗan sun ishe shi, yana kunnawa yana kashewa. Alamar da ake jira ita ce kauri irin na koko mai kyau: a ɗaga cokali a ɗiga haɗin a samansa, in ɗigon ya kwanta ya bar sawu na ɗan lokaci kafin ya nutse, to mai da soda sun kama juna, ba za su sake rabuwa ba. A watannin Disamba da Janairu akwai wata yaudara, inda sanyi yake daskarar da man kaɗe da manja tun a mintocin farko, haɗin ya yi kauri mai tsaki-tsaki kamar ya kai alhali bai kai ba. In an ga haka kada a zuba, a ci gaba da juyawa, zafin sodar zai sake sassauta shi kafin kaurin gaskiya ya zo, mai santsi da sheƙi.

Da zarar sawun ya fara bayyana, lokacin ƙari ya yi. Ga kilo ɗaya na mai, turaren sabulu gram 20 zuwa 30 ya isa, kuma ya kasance na mai, domin turaren fesawa mai sinadarin barasa yana sa haɗin ya dunƙule nan take a cikin bokiti. Garin zogale cokali ɗaya da aka tankaɗe da kyau yana ba da kore wanda yake komawa ruwan ƙasa bayan makonni, garin gawayi ƙaramin cokali ɗaya ko biyu yana ba da baƙi, kurkum yana ba da ruwan ɗorawa. Kowane gari a dama shi da ɗan mai da aka ɗiba daga cikin wanda aka auna, don kada ya yi gudaji. Zuma tana ƙara kumfa amma tana ƙara wa haɗin zafi, don haka ƙaramin cokali biyu ya wadatar, da bazara ma gara a bar ta. Abin da nake roƙo a nisanta shi ne zuba mayukan canja launin fata a cikin sabulu don a ja masu saye. Da yawansu suna ɗauke da magunguna masu sirantar da fata, kuma wadda ta sayi sabulun ta yi wa jaririnta wanka ba ta san abin da ke ciki ba. A karon farko ma na fi son mai koyo ya yi shi fari babu ƙarin komai, ya fara sanin halin haɗin.

A juye a mazubi, a ɗan bubbuga shi a ƙasa don iskar da ta maƙale ta fito, a daidaita saman da cokali, a rufe da leda ko kwali. A ƙasashen sanyi ana lulluɓe mazubin da bargo don ya riƙe zafinsa, kuma mu ma da hunturu tsohon zane ɗaya yana da amfani. Amma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi yake haura digiri 40, lulluɓewa ɓarna ce, domin sabulun da kansa yana ƙara zafi a cikin mazubi, in ya yi yawa sai ya tsage a tsakiya ko ya tsatso mai. A ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, a ƙasan siminti, a bar shi. Bayan ƴan awoyi tsakiyarsa za ta iya yin duhu kamar ta narke, wannan ba lalacewa ba ce, zai koma daidai in ya huce. Kayan aikin kuma a goge su da tsumma a ajiye su inda yara ba sa kaiwa har gobe, lokacin abin da ya maƙale ya zama sabulu, wankewa ta yi sauƙi.

Yanka da shanya

Bayan awa 24 zuwa 48, in an danna da yatsa cikin safa aka ji tauri kamar na cuku, sai a ɗago ledar a fito da shi. A yanka da wuƙa marar tsatsa ko siririyar waya a kaurin santimita biyu da rabi, za a sami guda 10, kowanne kimanin gram 140. A duba fuskar yankan da kyau. In launi ɗaya ne mai santsi, aiki ya yi. Farar hoda a saman kawai ba komai ba ce, sodar sama ce ta haɗu da iska, ana kankare ta ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Amma in an ga ramuka masu ruwa a ciki, ko fararen ƙwayoyi masu tauri, ko sabulun yana marmashewa kamar alli, to soda ce ba ta gauraya ba ko ta yi yawa, kuma wannan bai dace da jikin mutum ba.

Saura shanya, wadda ita ce ta fi gwada haƙurin mai koyo. A jera sabulan a tsaye a kan katako ko kwali, da tazarar yatsa tsakaninsu, a inuwa mai iska, a riƙa juya su duk bayan kwana uku ko huɗu, har mako 4 zuwa 6. Kada a shanya a rana ko a kan kwanon rufi ko farantin alminiyam. A wannan lokaci ragowar ruwan yana fita, sabulun yana ƙara tauri da laushin kumfa, kuma wanda aka yi haƙuri da shi ya fi daɗewa a banɗaki nesa ba kusa ba. Da hunturu a yafa masa siririn mayafi saboda ƙura. Da damina, tsakanin Yuli da Satumba, gilisarin yana jan laima sai a ga sabulun yana gumi, a goge shi a ƙara masa mako ɗaya ko biyu. A kuma yi hattara da ɓeraye, domin suna gaigayar sabulu mai man gyaɗa.

Hanyar sanin ya kai ita ce a ware guda ɗaya a riƙa ɗora shi a sikeli kowace Juma'a ana rubutawa, ranar da nauyin ya daina raguwa, to ya bushe. Wanda ya sami takardar gwajin pH, wadda take canja launi ta nuna kaifin soda da lamba, ya jiƙa sabulun ya ɗora ta a kan kumfar, sabulu mai kyau yana nuna 9 zuwa 10. Daga nan mai sabulun ya fara wanke hannunsa da shi na kwana biyu, sannan ya yi wanka da shi, kafin ya ba iyalinsa ko ya sayar. A naɗe kowanne a takarda maimakon leda don ya ci gaba da shan iska, a rubuta ranar haɗi a jiki, a kuma yi amfani da shi cikin shekara guda. In ɗigo-ɗigo masu launin lemu suka fito masa tare da warin tsohon mai, man gyaɗan ne ya tsufa, sai a mayar da shi na wankin tufafi, a karo na gaba kuma a nemi sabon mai. A tanadi ɗan littafi a rubuta nauyin kowane mai, da na soda da ruwa, da watan da aka yi haɗin, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya yi kauri, domin in haɗin kilo ɗaya ya yi kyau sau uku a jere, da waɗannan alƙaluman za a ninka shi zuwa kilo biyar.